Gaisuwar da Ta Tsiro a Faranti

Na dawo daga karatu da tarihin ilimin ƙwayar halitta jere a kaina: wane ya leƙa ɓawon itace ta madubi mai ƙara girman abu ya ga 'yan ɗakuna, wane ya ce duk mai rai da irinsu aka gina shi, wane ya ce babu wadda ke samuwa sai daga wata. Duk sun daɗe da mutuwa, kuma duk a nesa suka yi aikinsu. Saboda haka da aka ce in ina son labarin wannan ilimi in je in ga wata mata da ta yi rabin rayuwarta tana wanke kwalabe, sai na yi ta ja da baya. Ban ga abin da ya haɗa wanke-wanke da tarihi ba, kuma ba na son irin rubutun da ake ɗauko talaka a yi ta kambama shi don a burge mai karatu. Har yau ban gama rabuwa da wannan shakka ba. Amma ga abin da na ji daga bakinta da bakin waɗanda suka yi aiki tare da ita.

Uwar Kwalabe ake ce mata a sashen nazarin halittu na jami'a, daga shugaba har masinja. Ta fara aiki ba da daɗewa da yaye 'yarta ta fari ba. Aka ba ta ɗakin ƙarshen baranda, kusa da matakala: bahon wanki na ƙarfe guda biyu, tukunyar tururi mai ƙugi, katakon shanya mai turaku inda ake kifa kwalabe, da taga ɗaya. Wanda ya ɗauke ta shi ne Farfesa, wanda ya kafa ɗakin gwaje-gwajen, dogon mutum mai siririyar murya, wanda ba ya faɗa amma kowa ke shakkarsa.

Ranar farko bai bar ta ta taɓa ruwa ba. Ya kai ta gaban wani tsohon madubin gwaji, irin wanda sai an juya masa hasken taga, ya ce ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Fatar albasa ce ya shimfiɗa, ta gan ta kamar katangar bulo. Daga nan ya ɗauko wata kwalba mai faɗin gindi da ruwa ja garai-garai a ciki, ya sake cewa ta leƙa. Ta ga wasu abubuwa sun baje a jikin gilas, kowanne da ɗigo a tsakiyarsa, suna taɓa juna.

"Waɗannan masu rai ne," in ji shi. "Irinsu ne a hannunki da idonki da hanjinki. Mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna kallonsu a mace kafin a iya rainonsu a waje da jiki. A kan gilas suke kwana, ke kuma ke ce mai yi musu shimfiɗa. In kika bar ɗigon sabulu, gobe sai dai mu yi zaman makoki."

"To, ranka ya daɗe, ta yaya zan san sabulu ya fita?"

Ya nuna mata. In ruwa ya gangaro a jikin gilas sumul, bai tsaya ɗigo-ɗigo ba, kwalba ta wanku. In ya tsaya, a sake. Da wannan ta riƙe sashen shekara da shekaru, har ɗalibai kan ce ko kofin shayi ta wanke maka sai ka ji kunyar sha a ciki.

Ba ta karanta komai a littafi ba, amma daga bakin baho ta ga zamani yana juyawa, domin duk abin da aka ƙirƙiro a ilimin sai dattinsa ya iso gare ta. Da fari shuɗi da shunayya ne, rinin da ake sa wa ƙwayoyi su fito a madubi, wanda yake kwana a farcenta har mijinta ya riƙa tambaya ko marina ta koma. A wancan lokacin, da baki ake zuƙo ruwa ta bututun gilas, kuma ba ta manta ɗalibin da ya zuƙa da ƙarfi ya haɗiye ba, ya zo wurinta yana kakari yana tambaya ko zai kai gobe. Daga baya aka hana zuƙa da baki. Aka kawo madubi mai fitilarsa, aka kawo wanda ke leƙo kwalba ta ƙasa, aka kawo tanki mai hayaƙin sanyi inda ake kwantar da ƙwayoyi su yi shekaru suna barci a tashe su su ci gaba. Ranar da aka fara sa musu rinin da ke walƙiya, Farfesa ya aiko a kira ta, aka kashe fitila, ta ga cikin ƙwaya ɗaya ya haska kore, da zare-zare a ciki kamar saƙa. Ta ce, "Ashe ɗakin ma da kayan ɗaki." Farfesa ya yi dariyar da ba a saba ji ba.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne gaisuwa. Ƙofarta kullum a buɗe take saboda tururi, kuma duk mai hawa ko sauka sai ya bi ta gabanta. Ita kuwa ba ta iya amsa gaisuwa da ƙeya ba. Sai ta rufe famfo, ta juyo gaba ɗaya, ta dubi mutum. Ta san wanda gyatumarsa ke ciwon gwiwa, ta san wanda matarsa ta kusa sauka, ta san ɗalibar da ba ta karya ba. Mutum kan tsaya cewa sannu ya tafi nauyin zuciyarsa ya ragu.

Farfesa ya yi ritaya. Wadda ta gaje shi, Dakta, ɗalibarsa ce tun asali, kuma Uwar Kwalabe ta sha kwashe gilasan da ta fasa tana ɓoye mata. A zamanin Dakta roba ta shigo. Katon-katon ake kawo kwalaben, kowace a rufe cikin ledarta, an riga an kashe mata datti tun daga masana'anta, a yi aiki da ita sau ɗaya a jefar. Turakun shanya suka fara zama wayam. Wata rana Uwar Kwalabe ta gama aikinta kafin hantsi, ta zauna tana kallon baho ya bushe.

Dakta ce ta zo da kanta ta ja kujera.

"Inna, ofis sun ce ba a buƙatar mai wanki kuma. Za su mayar da ke babban gini, ɗakin ajiyar kujeru."

"Kujeru," in ji ta. "To su kuma me zan yi musu?"

"Kaɗe ƙura. Ni dai ba na so. Ina neman wanda zai riƙa ciyar da ƙwayoyi, yana raba su in sun cika. In kika riƙe mini kwalba da hannunki, ke kaɗai, ta kai ƙarshen zango lafiya, zan tsaya a gabansu in ce aikinki ke nan. In ba ta kai ba, Inna, ba ni da bakin magana."

A gida mijinta, wanda ya yi shekaru yana tuƙa motar ma'aikata kafin bayansa ya ajiye shi, ya saurara yana gyaran rediyo.

"Wato yanzu raino za ki koma, da jikoki a ƙasa."

"Malam, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake, Likita. Kin raini biyar masu baki da ƙafa, waɗannan ko kuka ba sa yi. Sai dai in sun yi kama da ke, kada ki ce ban faɗa ba."

Ɗakin ƙwayoyi yana tsakiyar baranda. A ciki akwai akwatin ɗumi da ke riƙe zafi daidai na jikin mutum, da wani babban akwatin gilas da ake zura hannu ta ƙasansa, wanda tatacciyar iska ke sauka a cikinsa don kada ƙura ta faɗa kan aiki. Dakta ta koya mata daki-daki: takunkumi, safar hannu, a fesa wa komai sifirit, kada hannu ya gitta ta saman buɗaɗɗen baki, a zuƙe tsohon ruwa a zuba sabo. In sun cika gindin kwalba sai a zuba musu wani ruwa da ke ɓamɓare su daga jikin roba, a tsaya a kai, domin in ya jima yakan ci su, sannan a raba su sababbin kwalabe. Hannunta bai ba ta wahala ba. Hannun da ya saba da gilas mai santsi ba ya rawa. Duk ranar da Dakta ke tsaye a bayanta, aiki ya yi kyau.

Da aka bar ta ita kaɗai sai labari ya sauya. Bayan kwana biyu ta buɗe akwatin ɗumi ta ga jan ruwan ya koma ɗorawa, ya yi gurɓi kamar an ɗiga masa madara. A madubi ƙwayoyin sun dunƙule suna yawo, ƙananan ƙwayoyin cuta sun cika ko'ina suna motsi. Dakta ta ce ba komai, kowa da haka ya fara, ta ba ta wata. Ita ma ta bi sawu. Ta uku ma haka.

Abin da ya fi ci mata rai ba kujerun ba ne. Ita da aka sani da tsabta, ita ce yau ke kai datti. Ta yanke farce har ya yi jini, ta daina shafa mai, ta wanke farar rigarta har ta fara sanyi, ta goge akwatin iska lungu-lungu. Ta daina cin abincin kirki. Zango kuma ya wuce rabi.

Wata safiya Dakta ta dawo daga aji, ta tura ƙofar ɗakin ta leƙo kai kamar yadda kowa ke yi.

"Inna, an tashi lafiya?"

Uwar Kwalabe ta zaro hannu daga akwati da bututu riƙe a ciki, ta juyo gaba ɗaya, ta sa ɗaya hannun ta ja takunkumi ƙasa.

"Lafiya lau, Dakta. Yaya mai jikin? Zazzaɓin ya sauka? Na ce a riƙa ba shi ruwa da yawa fa."

Dakta ta tsaya tana kallon bututun da ke ƙarƙashin haɓar Inna. Ta ɗora hannu a ka.

"Inna, mutum nawa ke leƙowa nan da safe?"

"Ai kowa. Tun da na bar wancan ɗakin suka biyo ni."

"Kuma kowa haka kike amsa masa?"

"To da yaya? In yi wa mutum magana da baki a rufe kamar ɓarawo?"

Sai a lokacin Dakta ta gane. In tana tsaye a ɗakin ba mai leƙowa, shi ya sa ba ta taɓa gani ba. Ta yi bayani, amma ta ga Inna ta ji ne kawai don girmamawa, zuciyarta ba ta karɓa ba. Wai gaisuwa, abin da aka hore ta da shi tun tana yarinya, ita ce datti? Saboda haka Dakta ta ɗauko 'yan faranti biyu masu murfi, da wani abu kamar daskararren kunu a ciki wanda ƙwayoyin cuta ke tsira a kai. Ta ce ta buɗe ɗaya a cikin akwati ta yi shiru. Ɗayan kuma ta riƙe shi a gaban bakinta ta gaishe ta yadda ta saba, har da tambayar mutanen gida. Aka rufe su aka sa a ɗumi.

Da aka fito da su, na farko fes yake. Na biyu ya yi ɗige-ɗige, fari da ruwan ɗorawa, manya da ƙanana.

"Ga 'ina kwana' ɗinki nan," in ji Dakta tana nunawa da biro. "Wannan babban kuwa ina jin 'yaya mai jiki' ne."

Uwar Kwalabe ta daɗe tana dubawa. Ta yi 'yar dariya.

"Daga bakina duk wannan?"

"Daga bakin kowa, Inna. Naki dai ya fi yawan fita."

Daga ranar ta ɗinke bakinta. Dakta ta ce a sa wa ƙofar sakata, ta ƙi, ta ce ba ta taɓa kulle wa mutum ƙofa ba, ba kuma za ta fara da furfura ba. Aka yi ta leƙowa ana sannu, ita kuwa ko wuyanta ba ya motsi. In ta gama sai ta bi ofis-ofis tana mayar da gaisuwa, amma ba kowa ya karɓa ba. Masinja, wanda suka fara aiki kusan tare, ya fi kowa jin zafi.

"Tun da aka ba wasu farar riga," yake cewa a matakala, yadda za ta ji, "sai an cika takarda kafin a gaishe su."

"Kai dai bakinka ko faranti goma ba zai ɗauka ba," ta ce masa wata rana. Bai gane ba, ya ƙara hawa.

Mijinta kuwa cewa ya yi a tambayo masa kuɗin akwatin, ko zai samu a kafa ɗaya a tsakar gida.

Kwalba ta huɗu da aka ba ta kuwa ta rayu. Ta cika, ta raba ta, 'ya'yan suka cika, ta sake rabawa. A makon ƙarshe na zango saura rabo ɗaya, wanda Dakta za ta duba kafin ta je ofis. Uwar Kwalabe ta zuƙe tsohon ruwa, ta zuba mai ɓamɓarewa, kwalba a buɗe, sababbi a jere suna jira. Sai ta ji sanda tana ƙwanƙwasa siminti a baranda, a hankali, tare da muryar masinja yana ta "bi a sannu, ranka ya daɗe." Ƙofa ta buɗe.

"Sannu da aiki, Uwar Kwalabe."

Muryar ta ƙara sirancewa, amma ko cikin barci za ta gane ta. Rabonta da Farfesa tun kafin ciwon da ya kwantar da shi, kuma an ce ba ya fita. A jikin gilashin akwati ta hango inuwarsa, ya ranƙwafa, rigar ta yi masa yawa. Wannan mutum bai taɓa shiga inda take ba tare da ta ajiye abin da ke hannunta ba. Wuyanta ya fara juyawa da kansa. Ta dafe shi da ƙarfin zuciya, ta mayar da ido kan kwalba, inda gindin ya fara yin hazo alamar sun saki.

"Ba ki ji ba ne?" in ji masinja. "Farfesa ne fa. Kin gani ko, ranka ya daɗe? Abin da muke fama da shi ke nan."

Ta buga gefen kwalba da tafin hannu, ta zuba ruwan da ke tsayar da mai ɓamɓarewa, ta zuƙa ta fesa har suka warware, ta raba. Gumi yana bin bayanta. Tana jin numfashin tsohon, tana jin sandar tana gyara tsayuwa, tana jin lokacin da ya ce wa masinja, a hankali, ya samo masa kujera. Ta rufe murafu ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta kwanan wata, ta kai su ɗumi, ta goge akwati. Sannan ta cire safa, ta sauke takunkumi, ta zo gabansa ta rusuna, idonta ya kawo ruwa.

"Ranka ya daɗe, ka yafe mini."

"Kin bar ni tsaye kamar mai neman aiki," in ji shi. "Da na sani da na zo da takarduna."

"Wallahi kwalba ce a buɗe."

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni tukuna. Tashi. Waɗanne ƙwayoyi ne?"

Ta faɗa masa abin da ke rubuce a jikin kwalaben. Ya ce shi ya kwantar da kakanninsu a tanki da hannunsa, shekarar da aka kawo shi. Ya so ya leƙa madubi, idon ya ƙi, sai ta kunna masa allon da aka haɗa da shi yanzu, ta ɗauko wata kwalba da ta cika ta ɗora. Ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya daɗe. Daga nan ya fara tambayarta yara ɗaya bayan ɗaya, ita ma ta buɗe baki, gaisuwar da ta taru ta zubo, har masinja ya gaji ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta yarda ta buɗe akwatin ɗumi ita kaɗai ba. Ranar dubawa Dakta ta ɗaga kwalaben ta haska su a taga. Ja garai-garai. Ta ɗora a madubi, ta ga sun kwanta sun baje. Ta cire farar riga ta nufi babban gini. Da ta dawo ta leƙo ta ce, "Inna, kujeru sun yi rashi."

Yau duk ɗalibin da zai taɓa ƙwaya a sashen ta hannunta yake fara bi, kuma kowa sai ya gaida faranti kafin ta ba shi kwalba. Ta san lokacin da suke jin yunwa daga launin ruwa, ta san masu saurin cika da masu nawa. Bahon wankin yana nan, takan wanke 'yan gilasan da suka rage in ta ga dama. Masinja ya huce, yanzu shi ke tsayawa a baranda yana korar masu leƙe, yana cewa ana aiki.

Ranar da na je ƙarshe na jira a waje har ta fito. Muna zaune a ɗakinta na da, tana shan shayi, na tambaye ta ko tana jin ƙwayoyin nan sun san ta, tun da ita ke ci da su.

Ta girgiza kai. "Ba su san ni ba, ɗana, kuma gara haka. Kowa a ginin nan kunyata yake ji. Ko na yi ba daidai ba sai a ce sannu Inna, ya yi kyau. Su kuwa ba ruwansu da furfurata. In ka ga sun rayu, to aikin ne ya yi."